Sabulun da Ya Bushe a Kan Motar Auta

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da ƙanena, wanda har furfura ta cinye masa gemu ban daina kiransa Auta ba. Mahaifinmu ya hau dutsen nan na Jos tun zamanin haƙar kuza, yana yi wa leburori limanci, shi ya gina gidan da nake zaune a cikinsa, a wani matsattsen lungu kusa da Laranto. Ni na gaji zaurensa da littattafansa. Auta kuwa tun yana saurayi ya bi manyan motoci. Ya yi karen mota, ya zama direba, ya yi shekaru yana tuƙa dukiyar wasu, kafin ya sauka ya kama dillancin dankali da kabeji a Farin Gada. Allah Ya sa wa abin albarka, har ya sayi gida a kudancin gari, wajen Daɗin Kowa, gida mai ƙofar ƙarfe da famfo da tsakar gida shafe da siminti.

Bayan rikicin da ya raba garin nan gida biyu, danginmu da yawa da ke zaune a can suka tattaro suka dawo arewacin gari. Na so Auta ya bi su. Ba maƙwabtansa nake tsoro ba, na san su, mutanen kirki ne. Abin da ke damuna daban ne. Auta yana fama da hawan jini, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a kasuwa tsakanin buhuna. Ni kuma a unguwarmu ni ake kira idan an yi rasuwa, hannuna ya wanke gawa ba adadi. Na san bambancin wanda ya cika a tsakiyar 'yan'uwansa, ana ɗiga masa ruwa a leɓe, ana laƙƙana masa kalmar shahada, da wanda aka zo aka tarar. Ban so a tarar da ɗan'uwana ba. Iyakar abin da nake nema a kansa ke nan.

Na yi ta bin sa da lallashi har ya sassauta. Matarsa da 'ya'yansa suka dawo sashen mahaifiyarmu, wanda ke kulle tun rasuwarta, shi kuma ya ce zai biyo su da zarar ya sami mai sayen gidan. Ana cikin wannan jira ya sayi motar.

Sabuwa ce dal, ba 'yar Kwatano ba, baƙa wuluk, kujerunta a cikin leda. Ranar da na je sa mata albarka na tarar da shi ya naɗe ƙafar wando, daga shi sai singileti duk da sanyin safiyar garin nan, motar tana tsaye a inuwar rumfa. Na yi addu'a, na kai hannu zan dafa ta.

"A'a, Yaya Malam! Addu'ar ta isa haka, ba sai da hannu ba. Akwai zobe a yatsanka."

"Auta, mota ce ko amarya?"

"Amarya ko ta yi fushi tana hucewa. Wannan in ta ji ciwo shi ke nan."

Ya zaunar da ni a benci, ya ce in kalla, ko zan ƙaru. Sai da ya fara taɓa bonet da bayan hannu, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, domin a cewarsa ba a zuba wa fenti ruwa yana da zafi, ba a kuma wanke shi a rana. Sannan ya saki ruwan tiyo daga saman motar zuwa ƙasa, ya daɗe bai taɓa ta ba, har sai da yashin da ke jikinta ya gangare da kansa. Ya ce datti ba ya kashe fenti, yashin da hannu ya goga shi ne ke kashe shi. Bokiti biyu ya ajiye, ɗaya na sabulun ruwa, ɗaya na ɗauraye tawul, kuma tawul ɗin mai laushi ne kamar na jariri. Ba ya kewaya hannu, miƙe yake jan sa, a hankali. Yakan gama ɓangaren dama ya ɗauraye shi tas kafin ya zagaya hagu, saboda kada sabulu ya bushe a kan fentin. Wannan ya maimaita mini har na haddace: komai zai faru, kada a bar sabulu ya bushe. Tayoyi suna da tsummansu daban. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa kuwa ya sauka daga muƙaminsa ke nan, ya koma wajen tayoyi.

Na ce masa, "Kai da har ka yi aure ana ce maka ka koma ka wanke diddige a alwala."

Ya yi dariya. "Yaya, da ka koya mini alwala yadda ubangidana ya koya mini wankin mota, da igiyar fanbel a hannu, da yanzu ni nake ja muku salla."

Ya sare reshen mangwaron da ya leƙo ta kan katanga saboda kashin tsuntsaye. Rumfar ma don ƙanƙara ya yi ta, domin duk wanda ya yi damina a Jos ya san yadda take sauka ta lotsa kwano. Idan yana gogewa, wata rana za ka ji yana hailala ƙasa-ƙasa, ɗabi'ar da ta bi shi tun yana tuƙin doguwar hanya. Wata rana kuma yakan ɗora ƙaramar rediyonsa a kan katanga, bakinsa shiru, kunnensa yana wajen labarai.

Ban zarge shi ba, har yau kuma ban zarge shi ba. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana wanke manyan motocin wasu a bakin rafi, yatsunsa suna ƙagewa don sanyi, idan Allah Ya ba shi tasa ya riƙe ta da kyau, ban ga inda shari'a ta hana ba. Kula da ni'ima yana cikin godiya. Sai dai tun a kan bencin nan na fahimci cewa motar ta kafa masa turke a gidan.

Haka kuwa aka yi. Maganar sayar da gida ta mutu. Da na tayar da ita, sai ya ce, "To ina zan ajiye ta? Lungunku ko amalanke sai ta karkata take wucewa. Ga yara da ƙusa, ga awaki, ga 'yan acaɓa, ga ƙanƙara."

Ban yi jayayya da shi ba. Akwai ɗan fili a bakin lungun, daura da zaurena. Na nemi yardar maƙwabta, na sa aka kafa rumfar kwano a wurin, aka sauya wa awaki turke, na bi gida-gida na roƙi iyaye su ja wa yara kunne. Auta ya zo ya zagaya rumfar, ya girgiza ginshiƙanta, ya ɗaga kai ya duba ko kwanon yana yoyo. Daga ƙarshe ya ce zai zo ya gwada zama. Ban taɓa jin daɗin wata kalma daga bakinsa kamar wannan ba.

Ya iso wata yamma a ƙarshen damina, ana yayyafi, da jakar kayansa da ledar magungunansa. Jan taɓon hanya ya fantsama a gefen motar. Ya dube shi ya ce gobe in ya dawo daga kasuwa zai wanke ta da kansa, tawul da sabulu suna cikin but. Ba ya shiga Farin Gada da ita, saboda masu dakon buhuna da caɓi. Da aka idar da sallar asuba ya hau acaɓa ya tafi tarbar motocin kaya.

A lokacin ina da ɗalibai magidanta da ke ɗaukar karatun fiƙihu bayan asuba. Biyu daga cikinsu sun fi daɗewa tare da ni, ɗaya tela, ɗaya mahauci, kowannensu da iyalinsa da furfurarsa. Wanda bai tashi a zaure ba ba zai gane yadda hidima take a wurinmu ba. Ɗalibi ba ya jiran a sa shi. Idan ya ga takalmin malami a karkace zai gyara, idan ya ga randa ta yi ƙasa zai cika, idan malami ya yi baƙo zai duba abin da baƙon yake bukata ya yi shi a ɓoye, domin a wurinsu neman izini kamar neman yabo ne. Haka muka yi wa malamanmu, haka na ga ana yi wa mahaifinmu. Da aka tashi karatu na shiga cikin gida, su kuma suka fito suka ga motar ƙanin malaminsu da taɓo a jikinta.

Ba su yi ƙwauron komai ba. Mahaucin ya je ya sayo sabon soson buhu, irin wanda yake kankare teburinsa da shi, ya ce tsohon bai dace da motar Alhaji ba. Telan ya kawo garin sabulun wanki. Suka jawo ruwan rijiya a bokiti ɗaya, suka turo motar waje don su ga datti sosai, suka dirje ta da iyakar ƙarfinsu, suna kewaya hannu kamar masu wanke tukunya. Soson ya faɗi ƙasa, su ɗauka su ci gaba. Da suka gama suka goge ta da tsohon zane, suka zauna a gefe suna jiran su ga farin cikinsa.

Na fito daidai lokacin da ɗan acaɓa ya sauke shi. Hantsi ya ɗaga, rana ta faɗa a kan baƙin fentin. Daga nesa motar tana ƙyalli. Da ka matso sai ka ga kamar gizo-gizo ya yi saƙa a kanta tun daga bonet har but, zobe a kan zobe, wasu wuraren kuma dogayen fararen layuka inda tsakuwa ta maƙale a soso.

Mahaucin ya miƙe yana murmushi. "Alhaji, barka da dawowa. Mun fitar mata da datti har na cikin fata."

"Sai da muka sake mata sabulu," in ji telan, "taɓon nan ya kama."

Auta ya matsa kusa da motar. Ya sunkuya, ya bi ɗaya daga cikin dogayen layukan da bayan yatsa har ƙarshensa. Na ga jijiyar gefen kansa tana harbawa. Da yara ne suka yi, da ya yi faɗa ya huce. Da maƙiyi ne, da ya san inda zai kai ƙara. Amma dattawa biyu ne a tsaye, rigunansu a jiƙe, sun bar sana'arsu tun safe don su girmama shi. Ya ɗago ya dube su.

"Allah Ya saka da alheri. Allah Ya ba da ladan hidima."

Suka amsa da amin, suka tafi suna jin daɗi. Sai washegari na zaunar da su na gaya musu abin da suka yi. A karatun da muke yi sun san hukuncin wanda ya ɓata kayan wani bisa kuskure, cewa babu zunubi a kansa amma gyara yana wuyansa. Suka ce za su kai ta wurin mai fenti. Amma a lokacin babu motar, babu mai ita.

Domin a ranar da suka wanke ta, bayan azahar, na same shi yana mayar da jakarsa cikin but.

"Auta, ba da mugunta suka yi ba."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa. Mai mugunta ana iya tsare shi. Waɗannan ta ina zan tsare su? Gobe wani ne zai ga ƙura ya share mini ita da hannun riga don neman lada."

"Zan sa a kewaye rumfar. Zan yi magana a masallaci."

"Bari dai in je in goge ta a gida. Akwai man da nake da shi, in aka bi a hankali yana cinye ƙananan. In ta dawo daidai zan dawo."

"Mota kake so ta dawo daidai, ko kai?"

Ya rufe but ɗin a hankali, da tafin hannu biyu, yadda ya saba. "Ka yi mini addu'a kawai."

Matarsa ta biyo shi har zaure da ledar magungunan da ya manta. Ya karɓa ta taga.

Ya yi makonni yana bin fentin da man gogewa. A lokacin wayar salula ta shigo hannun mutane, ya saya mini ɗaya, nakan kira shi bayan asuba. Kullum labarin ɗaya ne: ƙananan sun ɓace, manyan sun ƙi. Ya hana a kai ta wurin mai fenti, ya ce fentin kamfani ba a maimaita shi. Yakan zo ranar Juma'a ya ga iyalinsa, amma a kan acaɓa. Rumfar da na kafa ta zama wurin shan inuwar masu jiran salla.

Sai gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita. Na kira shi da sassafe. Ya ce lafiya ƙalau, ƙofa a kulle, maƙwabcinsa ya miƙo masa abinci ta kan katanga. Wannan maƙwabci tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Kirista, ɗan asalin ƙauyukan dutse, sun daɗe suna zaman mutunci.

"Ka sha maganinka?"

"Zan sha. Tunda babu fita ma, bari in wanke mota kafin rana ta yi."

Da hantsi na kira, ba a ɗauka ba. Na kira bayan azahar, wayar ta yi ta ƙara. Matarsa ta zo ta tsaya a bakin zaure. Ana gab da la'asar wayata ta yi ƙara da lambarsa, amma muryar ba tasa ba ce.

"Baba, ni ne maƙwabci na oga. Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce tun safe yake ganin ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen yana bin titi. Da farko bai kula ba. Da abin ya daɗe sai ya ce a ransa, oga ba ya wasa da ruwa. Ya kira, shiru. Ya sa tsani ya haura katanga, ya same shi kwance tsakanin bokiti da tayar gaba, tawul a hannunsa, tiyo yana ta zuba.

Na yi istirja'i. Sannan na yi tambayar da na san amsarta.

"Ya yi magana? Ka ji ya ce wani abu?"

"Baba, na zo ya riga ya tafi. Jiki ya yi sanyi."

Babu hanyar zuwa, sojoji sun tsare kowace mahaɗa. Ni da na rufe idanun mutanen unguwa da hannuna, ta waya na yi wa ɗan'uwana. Na gaya wa bawan Allahn nan yadda zai shafa idanun, yadda zai ɗaure haɓa da ƙyalle, ta ina gabas take. Ya yi duk abin da na ce, yana amsawa da "To, Baba." Ya ce idon hagu ya ƙi rufuwa duka. Na ce ya bar shi, ya lulluɓe shi.

Washegari da aka sassauta dokar, maƙwabcin ne ya tuƙo shi da kansa, a cikin motar, kwance a kujerar baya a kan ledar da bai taɓa yarda a cire ba. Ya bi ta shingayen sojoji yana buɗe ƙofa yana bayani, ya shigo unguwar da mutum irinsa ba ya shiga a irin wannan rana. Mutanenmu suka karɓe shi, suka raka shi har inda zai sami abin hawa. Allah Ya saka masa.

Da motar ta tsaya a ƙarƙashin rumfar na ga inda aikin ya tsaya. Ɓangaren dama a ɗauraye yake tas. Na hagu kuwa, daga rufi zuwa tsakiyar ƙofar gaba, sabulu ya bushe fari fat, ya bi jikin ƙarfen layi-layi.

Ni na wanke shi. Mahaucin ne ya riƙa zuba mini ruwa, telan ya ɗinka likkafani, babu wanda ya ɗaga ido ya dubi wani. Jikin ya riga ya sandare, sai a hankali na samu na miƙar da yatsun da suka riƙe tawul. Muka kai shi kafin azahar.

Motar ta zauna a wurin har aka share zaman makoki. Babu wanda ya taɓa ta. Yara ma da kansu suke kauce mata. Mahaucin ya sauya hanya, ta bayan masallaci yake zagayowa zaure. Wata safiya bayan an tashi karatu na buɗe but, na ɗauko bokitansa da tawul da maƙwabcin ya zuba a ciki. Na cire zobena. Na taɓa bonet da bayan hannu, na zuba ruwa daga sama na bar shi ya gangara, na ja tawul a miƙe. Sabulun ya narke ya sauka, amma ya bar inuwarsa a cikin fentin, dishi-dishi, kowane layi a inda ya tsaya. Na sake wankewa, na shafa man gogewar. Da ta bushe suna nan.

Bayan wani lokaci maƙwabcin ya zo yi mana gaisuwa, ya kawo makullin gidan da ƙaramar rediyon da ya ɗauke daga kan katanga. Na riƙe ta a hannuna. Na tuna cewa ranar da Auta ya kunna ta ba ya hailala, ranar da bai kunna ba yana yi. A irin wannan rana kuwa, da gari yake cikin tashin hankali, kowa kunnensa yana wajen labarai.

Na ce, "Da ka haura katangar, rediyon nan tana magana?"

Na ga yana so ya ba ni amsar da za ta yi mini daɗi, amma bai san wacce ba ce, ni kuma ban nuna masa ba.

"Baba, gaskiya ban lura ba. Ruwa kawai na ji."

Bayan ya tafi na murɗa makunnin. Ba ta yi magana ba. Ko a kashe take tun farko, ko batirin ne ya ƙare tana kunne, ban duba inda makunnin yake ba kafin in taɓa shi. Allah Shi ne Masanin abin da ke kan harshen bawanSa a wannan safiya. Ni dai ban kasance a wurin ba, kuma ina roƙa masa gafara a bayan kowace salla.